Sabunta Lasin Gidajen Rediyo: Ina Bakin Mai Sauraro?



Ranar da aka ce in yi magana a kan sabunta lasin gidajen rediyo na 'yan kasuwa, wani abokina ya yi ta dariya. Ya ce me ya haɗa ɗan Ngaski da wannan zance, alhali kuwa masu gidajen rediyon suna can Kano da Kaduna da Abuja da birnin Ikko, mu kuwa namu bai wuce sayen batur ba. Na ce masa ai dalilin da ya sa na karɓa ke nan. Mai sayen batur ɗin nan domin kunnensa aka kafa gidan rediyon, da kunnensa ake cinikin talla, amma in ranar lissafi ta zo, watau ranar da za a duba ko gidan ya cancanci a ƙara masa wa'adi, shi kaɗai ne ba a gayyata.

A bakin tafkin Kainji aka haife ni, cikin ƙasar Ngaski, kuma tun ban san hannun damana ba nake ganin akwatin rediyo a gidanmu. Ƙanen mahaifina masunci ne. Yana da wani ɗan akwati da ya ɗaure da roba saboda murfin batur ya ɓalle, in zai fita su da asuba sai ya sa shi cikin leda ya ajiye a gindin kwalekwale. Bai taɓa karanta jarida ba, amma zai ba ka labarin abin da ya gudana a Majalisar Tarayya, ko a ƙasar Falasɗinu, kamar da shi aka yi. Abin da na lura da shi da na fara wayo shi ne, akwatin nan yana ba shi labarin ko'ina a duniya ban da garinsa. Farashin albasa a kasuwar Yelwa, ko yadda ruwa ke cikowa zai ci gonakin bakin tafki, ko hanyar da 'yan bindiga suka tare jiya, duk waɗannan sai ya sauka kwata, inda jirage ke tsayawa, sannan ya ji su a bakin mutane. Ku riƙe wannan, zan komo kansa.

Da farko ya kamata mu san abin da ake nufi da lasin nan, da inda ya samo asali. Har zuwa shekarar 1992 babu wani mahaluƙi a Nijeriya da ke da gidan rediyo sai gwamnati. Gidan rediyon Kaduna da iyayenmu suka tashi da shi, wanda Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa a 1962, na gwamnati ne, haka kuma Rima Rediyo na Sakkwato. A watan Agusta na 1992 ne gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa dokar soja mai lamba 38, wadda ta haifi Hukumar Kula da Gidajen Rediyo da Talabijin ta Ƙasa, watau NBC, ta kuma buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa. An yi wa dokar gyara a 1999. Gidan rediyo mai zaman kansa na farko shi ne Raypower na marigayi Raymond Dokpesi, wanda ya fara aiki a Legas a 1994. Mu a nan Arewa sai da muka jira har watan Disamba na 2003, lokacin da Freedom Rediyo ya buɗe a Kano, jama'a suka fara jin talaka na buga waya yana faɗa wa kwamishina abin da ke ransa.

To, amma ƙofar da aka buɗe an bar mata mai gadi. Sashe na 39 na Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowa 'yancin faɗin albarkacin bakinsa da kafa hanyar watsa labari, sannan ya yi togiya cewa ban da Gwamnatin Tarayya da ta jiha, ba mai kafa gidan rediyo ko talabijin sai wanda Shugaban Ƙasa ya yardar wa. Hukumar NBC ita ke karɓar takardun masu nema, ta tantance, ta miƙa ta hannun Ministan Watsa Labarai zuwa ga Shugaban Ƙasa. Dole mai nema ya zama kamfani ne mai rajista wanda 'yan Nijeriya ke riƙe da mafi yawan jarinsa, kuma dokar ta hana a ba ƙungiyar addini ko jam'iyyar siyasa. Babban Daraktan hukumar shi ma Shugaban Ƙasa ke naɗa shi.

Wani zai tambaya, me ya sa mai jarida ba ya bukatar irin wannan izini, sai mai rediyo? Amsar tana cikin yanayin abin. Takarda ba ta ƙarewa, kowa ya samu injin bugu sai ya buga tasa. Zangon da muryar rediyo ke bi a sararin sama kuwa ƙididdigagge ne. Idan tashoshi biyu suka hau zango ɗaya a gari ɗaya, ba za a ji ko ɗaya ba sai ƙara. Tilas ne a samu mai rabo. Mu mutanen bakin ruwa ba baƙi ba ne ga wannan. Tafkin Kainji ba na wani masunci ba ne, na kowa ne, shi ya sa a shekarun 1990 aka shigo da lasin kamun kifi, aka kuma haramta tarun dala, saboda yana kwashe har 'ya'yan kifin da ya kamata a bari su girma. Wanda ya yanki lasin su bai sayi tafkin ba, an dai ba shi izinin ya ci abinci a ciki bisa sharaɗi. Haka zangon rediyo yake. Dukiyar jama'a ce aka ba ɗan kasuwa aro, ya sayar da talla a kai ya ci riba, da sharaɗin zai yi wa masu dukiyar aiki.

Tun da aro ne, to yana da wa'adi, kuma wa'adinsa shekara 5 ne. Doka ta ce mai gidan ya nemi sabuntawa cikin watanni 6 kafin lasinsa ya ƙare. Ta kuma ce in hukumar za ta duba wannan roƙo, to ta waiwayi halin da gidan ya nuna a shekarun da suka gabata, kuma tana da ikon ta ƙi sabuntawa in ta ga yin hakan bai dace da amfanin ƙasa ko na jama'a ba. Ku lura da wannan da kyau, 'yan'uwa, domin nan ne zuciyar maganata. Dokar da soja suka rubuta, da duk aibinta, ba ta ɗauki sabunta lasin a matsayin biyan kuɗin haya kawai ba. Ta ɗauke shi ranar hisabi. Akwai kuɗi a ciki, babu shakka, miliyoyin naira na lasin kansa da kuma wani kaso na kuɗin shigar gidan a kowace shekara, amma tambayar da doka ta sa a gaba ita ce, me ka yi da amanar da aka ba ka?

Yanzu mu duba yadda abin ya kasance a aikace. Ranar 19 ga Agusta, 2022, Babban Daraktan NBC na lokacin, Malam Balarabe Shehu Ilelah, ya kira 'yan jarida a Abuja ya ce hukumar ta soke lasin gidajen rediyo da talabijin 52, ta kuma ba su sa'a 24 su rufe. Laifinsu shi ne sun ƙi sabunta lasinsu, ana bin su bashin da ya kai naira biliyan 2.66, wasu tun daga 2015. A cikin jerin akwai manyan gidajen 'yan kasuwa irin su Raypower da AIT da Rhythm FM da Silverbird. Abin mamaki kuma, akwai gidajen gwamnatocin jihohi da dama, har da na Kebbi da Sakkwato da Zamfara da Katsina da Neja. Watau gidan rediyon jiharmu ma yana cikin waɗanda aka ce su kashe inji. Nan da nan ƙasa ta ɗauki ɗumi. Hukumar ta ƙara wa'adi zuwa 23 ga wata, daga baya ta dakatar da rufewar bayan ƙungiyar masu gidajen watsa labarai ta sa baki, sannan Ƙungiyar Editoci ta Nijeriya da ƙungiyar SERAP suka garzaya Babbar Kotun Tarayya a Legas, ta ba da umurnin wucin gadi da ya hana a rufe gidajen.

Na koma na karanta abin da aka yi ta faɗi a wancan mako. Hukuma na cewa a biya ta, masu gidaje na cewa ba su da shi, lauyoyi na maganar 'yancin faɗin albarkacin baki. Kowa da gaskiyarsa. Amma daga farkon rigimar har ƙarshenta, abin da aka auna gidajen nan 52 da shi kuɗi ne. Wanda ya biya ya tsira, ko da kuwa shekara 5 ya yi yana sayar da lokacinsa ga maroƙan 'yan siyasa. Wanda bai biya ba ya shiga jerin, ko da kuwa shi kaɗai ne ke karanta sanarwar asibiti da cigiyar yaran da suka ɓata a garinsu.

Kada a ce na ɗora wa hukumar laifi duka. Wanda ya karɓi aro ya san akwai ranar biya, kuma a watan Yuli na 2020, lokacin annobar korona, Gwamnatin Tarayya ta yafe wa gidajen kashi 60 cikin 100 na bashin da ake bin su, da sharaɗin su biya sauran cikin wata 3, ta kuma rage kuɗin lasin da kashi 30 cikin 100. Wanda aka yi wa wannan sassauci bai biya ba, ba shi da bakin cewa an yi masa ba-zata. Gwamnatocin jihohi kuwa ba su da hanzari ko kaɗan. A ɗaya gefen kuma, duk wanda ya taɓa leƙa gidan rediyo ya san janareta ke riƙe da shi, kuma a cikin 2022 kuɗin man dizal ya ninka fiye da sau biyu. Wannan magana takan yi mana ciwo mu mutanen Ngaski fiye da kowa, domin madatsar Kainji da aka gama a 1968, wadda ta tashi mutane sama da 40,000 daga garuruwansu da tsibiransu, cikinsu har da kakanninmu, don wutar lantarki aka gina ta. Ga ruwan a ƙofar gidanmu, ga gidajen rediyon ƙasar na ƙona dizal. Amma wannan zance ne na wata rana.

Haɗarin da ke cikin barin bashi ya taru a kan gidajen rediyo ya wuce na kuɗi. Gidan da ake bi bashi, wanda lasinsa ya ƙare bai sabunta ba, yana aiki ne bisa alfarma, kuma mai cin alfarma ba ya ɗaga murya. Duk ranar da ya faɗi abin da bai yi wa masu mulki daɗi ba, ba sai an ce masa don me ka faɗa ba, sai kawai a buɗe littafin bashi. Ranar 6 ga Yuni, 2019, hukumar ta dakatar da lasin kamfanin da ke da Raypower da AIT, kuma dalilan da ta bayar sun haɗa rashin biyan kuɗin lasin da ƙorafi a kan abin da gidajen ke watsawa. Mai kamfanin kuwa jigo ne a jam'iyyar hamayya. Kashegari kotu a Abuja ta ce a buɗe su. Ko hukumar na da gaskiya a kan bashin, haɗa shi da zancen shirye-shirye ya sa jama'a da yawa suka ɗauka bi-ta-da-ƙulli ne, kuma hukumar da jama'a ba su yarda da adalcinta ba, ko ta yi daidai ba za a gani ba.

Mu a Arewa mun ga irin wannan bulala tun da wuri. A watan Maris na 2006, ana tsakiyar muhawarar tazarce, NBC ta hana Freedom Rediyo watsa shirye-shirye daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 10 na dare, daidai lokacin da ake sauraron shirye-shiryensa na siyasa, ta kuma ci shi tara. A watan Janairu na 2022 ta dakatar da shirin Idon Mikiya na Vision FM har wata 6, da tarar naira miliyan 5. Ba kuma nake cewa kowane hukunci zalunci ne ba. A watan Fabrairu na 2013 an dakatar da lasin Wazobia FM na Kano bayan wani shiri da ya taɓa allurar rigakafin shan inna, a makon da aka kashe ma'aikatan rigakafin a birnin. Mutane sun rabu a kan ko shirin na da hannu a abin da ya faru, amma ba mai musun cewa abin da ake faɗa a rediyo yana iya taɓa rayuka, kuma dole a samu mai tsawatawa. Maganar ita ce wane ne zai tsawata, kuma ta wace hanya. Ranar 10 ga Mayu, 2023, Mai Shari'a James Omotosho na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya yanke hukunci cewa NBC ba kotu ba ce, ba ta da ikon cin tara, ya kuma rushe tarar naira 500,000 da ta ci gidaje 45 a 2019. Dalilinsa mai sauƙi ne, ba ya yiwuwa mai ƙara ya zama shi ne alƙali.

Gwamnoni ma sun gwada hannunsu, ko da yake doka ba ta ba su wannan iko ba. A watan Oktoba na 2022 gwamnatin Zamfara ta sa aka rufe wasu gidaje a Gusau, cikinsu har da Pride FM, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar hamayya. A 2025 Gwamna Umaru Bago na Jihar Neja, maƙwabciyarmu ta tsallaken ruwa, ya ba da umurnin a rufe Badeggi FM na Minna. A karo na farko NBC ce ta fito ta ce jiha ba ta da hurumi, a na biyu kuma Ministan Watsa Labarai ya ce maganar lasin ta NBC ce ita kaɗai. A nan lasin ya zama garkuwa ga gidan rediyo, kuma wannan ya isa ya nuna wa masu gidajen cewa takardar da suke jinkirin sabuntawa ita ce za su ɗaga ranar da 'yan sanda suka tsaya a ƙofa.

Ba mu kaɗai ke fama da wannan ba. A birnin Budapest na ƙasar Hungari akwai gidan rediyon 'yan kasuwa mai suna Klubrádió, wanda ya yi suna wajen sukar gwamnati. A 2020 hukumar ƙasar ta ƙi sabunta masa lasin, bisa hujjar cewa sau biyu ya yi lattin miƙa wasu rahotanni. A watan Fabrairu na 2021 aka daina jin sa a akwatin rediyo, ya koma intanet. Ba soja, ba tankar yaƙi, takarda ce kawai ta ƙare aka ƙi sa hannu a sabuwa.

To, Shugaban taro, bari in koma gida. Ranar Laraba 26 ga Mayu, 2021, wani jirgin ruwa da ya taso daga Jihar Neja ɗauke da mutane fiye da 150 ya nutse kusa da Wara, hedkwatar ƙaramar hukumarmu. Waɗanda aka ceto da rai ba su kai 30 ba. Ina ajin ƙarshe a sakandare a lokacin, kuma ba na jin akwai gida a yankinmu da bai je gaisuwa ba. Mako uku bayan haka, ranar 17 ga Yuni, 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri suka kwashe ɗalibai da malamai. A waɗannan makonni sunan Ngaski ya shiga kowace tasha, har ta Ingila da ta Jamus. Ƙanen mahaifina ya ji sunan garinsu a akwatinsa a ƙarshe, amma a matsayin wurin da aka yi asara.

Abin da nake tambayar kaina tun daga ranar shi ne, kafin jirgin ya nutse fa? Kowa a bakin ruwa ya san abin da ke kifar da jirage, lodi fiye da ƙima, tsohon katako, tafiyar dare, kututturan itatuwan da tafkin ya shanye tun 1968, da iskar farkon damina wadda kan taso ba sallama. Ba na cewa rediyo zai hana ƙaddara. Amma minti 5 kowace safiya ranar kasuwa, a faɗi yanayin iska, a tuna wa fasinja cewa yana da ikon ya ƙi shiga jirgin da ya cika, a yi ta nanata maganar rigar kariya har ta zama jiki, wannan aikin rediyo ne, kuma ba abin da ya kai shi iya yin sa a wurin da yawancin mutane ba sa karatun boko. Sannan da wane harshe? Ƙasar Yauri ba Hausawa kaɗai ba ne. Akwai Gungawa da Kambari da Shangawa da Dukkawa da Lopawa. Tsohuwar da ke kai busasshen kifi kasuwa tana jin Hausar ciniki, amma gargaɗin da zai shiga zuciyarta sai da harshen da aka yi mata reno.

Na san abin da ɗan kasuwa zai ce, kuma ba ƙarya zai yi ba. Muryar FM ba ta tafiya nesa kamar gajeren zango, daga Birnin Kebbi zuwa Yelwa kuwa kimanin kilomita 200 ne, balle Wara da ke gaba. Kafa na'urar ƙara ƙarfi kuɗi ne, masu ba da talla kuma birni suke nema. Don haka in aka bar wa kasuwa ita kaɗai, har abada ba za ta zo Ngaski ba. Wannan shi ne amfanin ranar sabuntawa. Ita ce rana guda cikin shekara 5 da mai dukiya ke da damar ya ce wa mai aro, na ji kana cin riba a birni, madalla, to me ka ware wa ƙauye? Yankin da ka yi alkawarin muryarka za ta kai, ta kai kuwa? Awa nawa ka ba noma da su da lafiya, awa nawa ka sayar? A garin da nake karatu akwai wani gidan rediyo, ba zan kama suna ba, da ke ba wani mai magani kusan awa guda da dare yana rantsuwa cewa kwalba ɗaya tana warkar da ciwon suga da hawan jini da rashin haihuwa. Wata gwaggona ta ajiye maganin asibiti saboda irin wannan talla, sai da ta kwanta. Ƙa'idojin hukumar sun hana irin wannan da'awa. Amma in gidan ya biya kuɗinsa cif, wa zai tayar da maganar gwaggona ranar da za a sa masa hannu?

A wata ƙasa an taɓa samun waɗanda suka tayar. A birnin Jackson na jihar Mississippi ta Amurka akwai gidan talabijin mai suna WLBT, wanda ya yi shekaru yana toshe labarin gwagwarmayar baƙar fata, alhali su ne kusan rabin masu kallonsa. Da lokacin sabunta lasinsa ya zo a 1964, wasu masu sa kai suka zauna mako guda suna kallo suna rubuta duk abin da ya watsa, aka haɗa takardar ƙorafi aka kai wa hukumar sadarwa ta ƙasar. Hukumar ta ce masu kallo ba su da hurumin shiga maganar lasin. A 1966 kotun ɗaukaka ƙara ta ce suna da shi, a 1969 kuma ta soke lasin gidan. Abin da ya ci wannan shari'a ba zanga-zanga ba ce, littafin rubutu ne da agogo.

Saboda haka ga abin da nake ganin ya kamata mu nema. A raba maganar bashi da maganar hali. Bashi a bi shi kamar kowane bashi, a kan kari, kada a bari ya taru shekara 7 sannan a zare shi kamar takobi ana saura wata 6 zaɓe. Hali kuwa a duba shi a bainar jama'a. Hukumar ta riƙa sanar da ranar da lasin kowane gida zai ƙare, gidan da kansa ya riƙa shelanta wa masu sauraronsa cewa ga lokaci ya yi, mai yabo ko ƙorafi ya rubuto, a kuma zauna a saurari jama'a a yankin da gidan ke watsawa, ba a otal a Abuja ba. Tun tasowata ban ga an zo Wara ko Yelwa an tambaye mu ra'ayinmu a kan wata tasha ba. In kuma za a ƙi sabunta wa wani, a rubuta dalili a fili yadda zai iya kai ƙara. Inda ɗan kasuwa ba zai iya zuwa ba, a sauƙaƙa wa al'umma su kafa nasu. A 2015 Gwamnatin Tarayya ta amince da lasin gidajen rediyon al'umma guda 17 a duk faɗin ƙasar nan, alhali Jamhuriyar Nijar, wadda ba ta kai mu arziki ba, tana da irinsu fiye da 100. Ƙaramar tasha guda a bakin tafki, mai magana da Hausa da Gunganci da Kambarci, ba ta fi ƙarfin ƙananan hukumomin Yauri da Ngaski da Shanga ba in jama'arsu suka haɗa kai, da sharaɗin kada ta zama kakakin ciyaman.

Yayyenmu ma'aikata, ku kun fi mu sanin yadda takarda ke tafiya a ofis. Akwai Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011, wadda ta wajabta wa hukumar gwamnati ta amsa tambayar ɗan ƙasa cikin kwana 7. Muna roƙon ku taimaka mana mu tsara wasiƙa zuwa ga NBC, mu nemi jerin gidajen rediyon da ke da lasin watsawa a Jihar Kebbi, da yankin da aka ba kowanne, da ranar da lasinsa zai ƙare. Mu ɗalibai kuma, hutu na zuwa. Kowa in ya koma gida ya ware littafi guda, ya zaɓi tashar da ta fi kamawa a garinsu, ya saurare ta mako ɗaya. Ya rubuta rana da lokaci da sunan shiri, da harshen da aka yi shi, da ko talla ce ko labari, da kuma sau nawa aka ambaci wani gari na ƙasar Yauri. Wanda ba a kama kowace tashar FM a garinsu shi ma ya rubuta haka, da sunan garin. In mun dawo sai mu haɗa littattafan, mu aika wa hukumar da kwafi, mu aika wa gidajen da abin ya shafa, da 'yan majalisarmu. Ni zan ɗauki Wara da ƙauyukan da ke kusa da ita, ina kuma neman wanda zai ɗauki Birnin Yauri da wanda zai ɗauki Shanga kafin mu tashi daga nan.